Konstantan: Siririyar wayar da ke faɗin gaskiyar zafin gonar dankalin Bonkuku

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin birnin Yamai tsakanin watan Fabrairu da na Maris ya san lokacin da dankalin Bonkuku ke sauka. Buhuna za ka gani jibge a bakin hanya, farashi ya faɗi warwas, har mai ƙaramin ƙarfi ya samu ya kai wa iyalinsa. To amma a dawo bayan wata uku ko huɗu a nemi dankalin nan, sai a tarar ya yi ɓatan dabo, wanda ke kasuwa daga wani wuri aka kawo shi, kuɗinsa kuma ya yi sama. Shi kuwa manomin da ya kwashe kusan kwana 100 yana fama da ban-ruwa ya riga ya rabu da nasa tun farashi na ƙasa, ba don yana so ba, sai don ya san in ya ajiye shi zafi ne zai cinye masa.

Ga wanda bai san wurin ba, Bonkuku ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Imanan da ke cikin yankin Filinge na jihar Tillaberi, kimanin kilomita 140 arewa maso gabas da Yamai, a kan hanyar da ta ratsa Balleyara ta nufi Filinge, wato ƙasar Kurfayawa. Garin na zaune ne a cikin Dallol Boso, tsohon kwarin kogin da ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Kwara. Kogin ya daɗe da ƙafewa, amma ruwansa na nan kwance a ƙarƙashin yashi, ba a yin nisa da haƙa ake cim masa. Wannan ruwa, da kuma sanyin hunturu, su ne suka mai da Bonkuku ɗaya daga cikin manyan wuraren noman dankalin Turawa a Jamhuriyar Nijar, musamman bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a nan yankin Filinge, ta matsa wa jama'a lamba a kan noman rani.

Sai dai dankali baƙo ne a wannan ƙasa. Asalinsa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka yake, kuma har yau bai bar halinsa na son sanyi ba. Ya fi zuba 'ya'ya idan zafin ƙasar da yake ciki yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyos. Da zarar ƙasa ta doshi digiri 30, zubin ya kusa tsayawa cak, sai ganye ya yi ta yabanya, ƙasa kuwa fayau. A Jos ta Nijeriya da tsaunukan Abzin tudu ne ke kawo sanyi. A Bonkuku babu tudu, sai ɗan lokacin hunturu kawai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya makara da shuka, ko don iri ya makara da isowa daga Turai, to dankalinsa zai haɗu da zafin Maris tun bai ƙosa ba. Idan kuma an haƙe, ga watan Afrilu na tafe, lokacin da zafin rana a wannan yanki ke zarce digiri 40.

Ashe ke nan zafi ne ke riƙe da wuyan sana'ar ta gaba da baya, a gona da kuma a ma'ajiya. Abin tambaya a nan shi ne, manoma nawa ne za su iya faɗa maka ko digiri nawa ne a cikin fangalinsu da azahar, ko a tsakiyar tarin dankalin da suka jibge a ɗaki? Akasari da tafin hannu ake aunawa. Hannun manomi kuwa, duk da gwanintarsa, fatar tarin kawai yake taɓawa, ɓarna kuma daga ciki take farawa.

Mene ne konstantan?

Abin da masana suka daɗe suna amfani da shi wajen jin zafin irin waɗannan wurare da hannu ba ya kai wa, wata siririyar waya ce da ba ta da wani kwarjini a ido. Sunanta konstantan. Gauraye ne na ƙarafa biyu, jan ƙarfe kimanin kashi 55 cikin 100 da nikel kimanin kashi 45. Duk da jan ƙarfe ya fi yawa a ciki, launinta fari ne kamar azurfa, domin nikel na da ƙarfin rinjayar launi.

Mai karatu ya sha riƙe ɗan'uwan wannan ƙarfe a hannunsa ba tare da ya sani ba. Tsohuwar dala goma ta Sefa, wato tamma 50, da gaurayen jan ƙarfe da nikel aka buga ta, haka nan tsohon sulen Nijeriya da kwabo goma na 1973, illa dai nikel ɗin da ke cikin kuɗi bai kai na konstantan yawa ba. Shi jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takedda, wadda masana da dama ke ganin ita ce Azelik ta jihar Agadas a yau, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda ana ciniki da shi a matsayin kuɗi, ana kuma kai shi har Gobir da Barno. Nikel ne sabon shiga. Masu haƙar ma'adinai na Jamus sun daɗe suna cin karo da wani dutse mai kama da na jan ƙarfe, in sun narka ba su samun komai, har suka laƙaba masa sunan da ke nufin jan ƙarfen aljani. Sai a 1751 wani masani ɗan Suwidin mai suna Axel Cronstedt ya gano cewa wani ƙarfe ne daban ke ciki, ya kuma bar masa rabin wancan suna na tsokana.

Wanda ya fito da gaurayen da muke magana a kai shi ne Edward Weston, haifaffen Ingila da ya koma Amurka yana ƙera na'urorin auna lantarki. A 1887 ne ya haɗa shi, ya kira shi gauraye mai lamba 2. Da aka fara ƙera shi a Jamus sai aka raɗa masa suna konstantan, daga kalmar da ke nufin abin da ba ya canzawa. Dalili kuwa shi ne, kowane ƙarfe na yi wa wutar lantarki wata irin turjiya idan tana ratsa shi, kuma a yawancin ƙarafa wannan turjiya na ƙaruwa idan suka yi zafi. Na'urar awo da aka yi da irin waɗannan ƙarafa sai ta faɗi abu ɗaya da safe, ta faɗi wani da rana. Turjiyar konstantan kuwa ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau 30, amma ko an yi zafi ko an yi sanyi tana nan kusan yadda take.

Yadda waya ke jin zafi

A nan akwai wani abin da ke rikita mutane, har da wasu ɗaliban kimiyya. Idan ƙarfen ba ya canzawa da zafi, yaya kuma za a auna zafi da shi? Amsar ita ce, wani hali nasa na daban ake amfani da shi.

A 1821 wani Bajamushe mai suna Thomas Johann Seebeck ya haɗa ƙarafa biyu mabambanta ya yi zobe da su, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyi, sai ya ga allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shi a zatonsa maganaɗisu ne zafin ya haifar. Masanin nan ɗan Denmak, Hans Christian Oersted, shi ya bayyana cewa wutar lantarki ce ke zagayawa a cikin zoben. Wato duk lokacin da bakin waya ɗaya ya fi ɗayan zafi, akan samu ɗan ƙarfin lantarki tsakaninsu, kuma kowane ƙarfe da yawan nasa. Idan aka haɗa wayoyi biyu na ƙarfe iri ɗaya, na wannan ya kashe na wancan, ba a ganin komai. Idan kuwa mabambanta ne, sai ragowa ta fito, wadda za a iya karantawa a mita. Wannan haɗi shi Turawa ke kira tamokopul, mu kuwa bari mu kira shi tagwayen waya.

Abin da ya sa konstantan ya yi fice a wannan aiki shi ne, nasa ƙarfin lantarkin ya yi hannun riga da na jan ƙarfe da na baƙin ƙarfe, don haka ragowar da ke fitowa tana da ɗan kauri. Kada dai mai karatu ya zaci wata wuta ce ta a zo a gani. Tagwayen jan ƙarfe da konstantan na ba da kimanin kashi 40 cikin miliyan na bolt ɗaya a kan kowane digiri. Ko da bambancin zafin ya kai digiri 30, abin da zai fito bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ƙarfin batirin tocila ba. Amma ba ya ƙarya, kuma ba ya buƙatar a ba shi wuta kafin ya yi aiki.

An rarraba tagwayen waya da haruffa. Nau'in T shi ne jan ƙarfe da konstantan, yana aiki daga digiri 200 ƙasa da sifiri har zuwa wajen 350. Nau'in J baƙin ƙarfe ne da konstantan, yana kai wa wajen digiri 750, wato ya wuce inda alminiyon da maƙeranmu ke zuba tukwane da shi ke narkewa, a digiri 660. Nau'in E, wanda aka haɗa konstantan da wani gaurayen nikel da kuromiyon, ya fi su duka ba da wuta a kan kowane digiri. Wanda ya fi yawa a kasuwa, nau'in K, babu konstantan a cikinsa. Murhun siminti irin na Malbaza ko na Sakkwato kuwa, inda ake gasa dutse a wajen digiri 1,450, ya fi ƙarfin konstantan gaba ɗaya, domin shi yana narkewa ne da an ɗan haura 1,200.

Ga mai aikin gona nau'in T ne abokin tafiya. Baƙin ƙarfen da ke cikin nau'in J na yin tsatsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi kuwa jan ƙarfe da konstantan sai su daɗe a binne ba su lalace ba. Ga shi mahaɗar ba ta wuce ƙwayar gero ba, ana iya cusa ta ƙarƙashin saiwa, ko cikin ɗan dankali guda, ko tsakiyar buhu, a ja wayar zuwa waje a riƙa karantawa ba tare da an tone ko an kwance komai ba. Ma'aunin gilashi mai zaiba ba zai yi wannan ba, ga saurin fashewa, ga kuma gubar da ke cikinsa.

Ta riga ta yi aiki a yashin nan

Kada a ɗauka labarin ƙasashen Turai ake bayarwa. Wannan waya ta daɗe da shiga yashin yammacin Nijar. A daminar 1992, daga watan Agusta zuwa Oktoba, masana daga ƙasashe da dama sun yi dandazo a wani gagarumin bincike da aka kira HAPEX-Sahel, domin gano yadda ruwa da zafi ke kai-kawo tsakanin ƙasa, tsirrai da sararin sama. Filin binciken murabba'i ne mai kimanin kilomita 110 a kowane gefe, ya haɗa da Yamai da ƙauyukan gabashinta, Bonkuku kuma na ɗan nesa kaɗan da kusurwarsa ta arewa maso gabas. Daga cikin abubuwan da aka auna har da yawan ruwan da sabara da gero ke sha. Yadda ake yi shi ne, a naɗa wa reshe wani ɗan ƙyalle mai ɗumama shi kaɗan, a sa tagwayen waya sama da ƙasa. Idan ruwa na hawa da sauri a cikin reshen sai ya kwashe ɗumin ya yi gaba da shi, daga bambancin zafin sai a lissafa ko ruwa nawa tsiron ya zuƙa a yini. Ga manyan itatuwa kuma akwai dabarar da Bafaranshe André Granier ya fito da ita a 1985, ta allurai biyu da ake sokawa a jikin itace, ɗaya a sama ana ɗumama ta, ɗaya a ƙasa, kowace da mahaɗar jan ƙarfe da konstantan a cikinta.

A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kimanin kilomita 45 kudu da Yamai, an sha auna zafin yashi a lokacin shuka, kuma an tabbatar cewa da tsakar rana fatar ƙasa na zarce digiri 50, abin da ke ƙone tsiron gero tun yana jariri. Wani bincike da masanan cibiyar, Vandenbeldt da Williams, suka buga a 1992 ya nuna cewa a ƙarƙashin gawo zafin ƙasa a zurfin santimita 2 na raguwa da digiri 5 zuwa 10. Manomanmu sun daɗe da sanin cewa gero ya fi kyau a gindin gawo, akasari kuma taki ake ba ladan. Awo ne ya nuna cewa sanyin ƙasar ma na da nasa kason.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda wannan ilimi ya tsaya a kan gero da itatuwa da takardun masana, alhali amfanin gonar da ya fi kowanne tsoron zafi yana nan a Dallol, 'yan sa'o'i kaɗan a mota daga cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take horar da masana yanayin noma a Yamai. Tambayoyin da manomin dankali ke da su ba masu wuya ba ne. Shin shimfiɗa karan gero a kan fangali na rage zafin ƙasa da digiri nawa? Ban-ruwan asuba ne ya fi sanyaya saiwa ko na yamma? Daga wane mako ne na Fabrairu ƙasa ke haura mizanin da dankali ke daina girma, ta yadda ci gaba da ƙona man inji ya zama asara? Waya ɗaya a zurfin santimita 10, da littafin rubutu, da yaro ɗan makaranta mai karantawa sau uku a yini, sun isa su ba ƙungiyar manoma amsar da ta dace da gonakinta a cikin rani biyu ko uku.

A cikin ma'ajiya

Dankalin da aka haƙe bai mutu ba, yana numfashi, kuma numfashin na fitar da zafi. Shi ya sa tsakiyar tari kan fi iskar ɗaki zafi, kuma yawan zafin na ƙara saurin numfashin, abu ya yi ta ninkuwa. Idan ya yi tsanani iska kuma ba ta ratsawa, sai cikin dankalin ya yi baƙi alhali bayansa lafiya lau. Ruɓa mai wari da tsutsar asun dankali su ma da ɗumi suke bunƙasa. Ma'aunin da aka rataye a bango ba zai faɗi komai a kan wannan ba, domin iskar bango yake aunawa.

Sanyi ma ba a yi masa gaba-gaɗi. Dankalin da aka haƙe na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu a inuwa mai laima domin raunukan fatarsa su warke kafin a adana shi. Na iri akan ajiye shi a wajen digiri 4, na ci kuwa tsakanin 7 zuwa 10. In aka bar na ci a sanyin da ya yi yawa sai sitacinsa ya koma sukari, ya yi zaƙi-zaƙi, in an soya ya yi duhu, masu tuya su ƙi saye. Tazarar da ke tsakanin riba da asara a ɗakin sanyi ba ta wuce digiri uku ko huɗu ba. Ga kuma batun wuta. Ba a manta da yadda Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023 ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni kafin ta dawo a 2024. Duk mai ɗakin sanyi da ya ga wancan lokaci ya san cewa idan wuta ta ɗauke, abin da ake son sani shi ne sa'a nawa kaya za su jure, kuma daga cikin buhu ake samun wannan amsa.

Gaskiyar magana, ba kowane ma'aunin zafi na zamani ne ke da konstantan a ciki ba. Yawancin ƙananan na'urorin da ke jikin firji da ɗakunan sanyi da wani abu daban suke aiki, kuma suna yin abin da aka sa su. Inda tagwayen waya suka yi zarra shi ne wajen auna wurare da yawa a lokaci guda da kuɗi kaɗan: a sayi naɗin waya guda, a yanyanka, a murɗe bakin kowace a like da dalma, an samu ma'aunai goma ko ashirin da mita ɗaya za ta riƙa bi tana karantawa.

Sai dai akwai kura-kuran da ke mai da awon shirme. Babba daga ciki shi ne ƙara tsawon wayar da wayar lantarki ta gida. Da zarar an yi haka an ƙirƙiri sabuwar mahaɗa a wurin ƙarin, mita kuma za ta riƙa karanta abin da ba shi ake nema ba. Da irin wayarta ake ƙara ta. Na biyu, mita da waya dole su zama nau'i ɗaya, domin mitar da aka saita a K ba za ta faɗi daidai da wayar T ba. Na uku, a guji barin mitar a rana, saboda ita ma tana auna zafin jikinta ne ta haɗa da abin da wayar ta kawo mata.

Launin rigar wayar na taimakawa, ko da yake tsari biyu ne ke yawo a kasuwa. A tsarin Amurka T shuɗi ne, K rawaya, J baƙi, kuma jar waya ita ce ta ɓangaren ragi, saɓanin abin da masu gyaran lantarki suka saba. A tsarin ƙasa da ƙasa da Turai ke bi, T ruwan ƙasa ne, K kore, J baƙi, farar waya ce ta ragi. In riga ta goge, a feƙe bakin: a nau'in T waya ɗaya ja ce ɗaya fara, a nau'in J kuwa maganaɗisu na kama ta baƙin ƙarfen ya ƙyale konstantan. Gwajin gaskiyarta kuma bai fi ƙarfin kowa ba. A farfasa ƙanƙara a kofi, a zuba ruwa kaɗan, a motsa, a tsoma mahaɗar: sifiri ya kamata ta nuna. A ruwan da ke tafasa kuma, a ƙasa mai tsayin Dallol, wajen digiri 99 za a gani.

Wani abin sha'awa shi ne, konstantan ya riga ya shiga cinikin dankali ta wata ƙofar. A cikin sikelin zamani mai nuna lamba, irin wanda ake ɗora buhu a kai, akwai wani guntun ƙarfe da aka manna wa ɗan siririn zane mai kama da zare, wanda galibi da konstantan ake yin sa. Nauyin buhu na lanƙwasa guntun ƙarfen kaɗan, zanen ya miƙe, turjiyarsa ta canza, sikeli ya mai da canjin zuwa kilo. Amurkawa biyu, Edward Simmons da Arthur Ruge, su suka fito da wannan dabara a 1938, kowa da nasa binciken. A nan ne ake cin moriyar wancan hali da ya ba ƙarfen sunansa, domin ana son buhun da aka auna da sanyin asuba a Bonkuku ya ba da nauyin da zai bayar da azahar a Yamai, in ban da ruwan da zafin hanya ya tsotse daga jikin dankalin.